Haɗarin ƙananan jiragen sama a tsaunuka: Me bel ɗin kafaɗa ke hanawa?

Da misalin ƙarfe 2:30 na ranar Litinin, 9 ga watan Agustan 2010, wani ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, irin wanda ke tashi da sauka a kan ruwa, ya ɗaga daga wani tafki a kudu maso yammacin jihar Alaska ta Amurka. Mutum tara ne a cikinsa, za su je kamun kifi. Kimanin minti 15 da tashinsa sai ya daki gefen wani tsauni a arewa da garin Dillingham.

Mutum biyar sun mutu, ciki har da matuƙin da kuma tsohon ɗan majalisar dattawan Amurka, Ted Stevens, mai shekara 86, wanda ya shafe shekara 40 yana wakiltar jihar. Huɗu sun tsira da munanan raunuka, cikinsu har da Sean O'Keefe, tsohon shugaban hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, da ɗansa.

An ɗauki sa'o'i babu wanda ya san jirgin ya faɗi. Na'urar da ya kamata ta aika saƙon neman agaji ta ficike daga mazauninta, ta rabu da eriyarta. Akwai wayar tauraron ɗan'adam a cikin jirgin, amma waɗanda suka tsira ba su san da ita ba. Sai da yamma liƙis aka hango tarkacen daga sama, kuma hazo da ruwan sama suka hana a kwashe mutanen. Wata likita da wasu 'yan sa-kai ne suka samu isa wurin, suka kwana tare da su a cikin sanyi, sai washegari jirage masu saukar ungulu suka ɗauke su.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce raunukan waɗanda suka mutu sun yi tsananin da ko an iso da wuri ba za a iya ceto su ba. To amma jirgi ɗaya ne, karo ɗaya ne, biyar suka mutu huɗu suka rayu. Irin wannan haɗari, wanda ba ya kashe kowa nan take kuma ba ya barin kowa lafiya lau, shi ne masu bincike suka fi mayar da hankali a kansa. Kuma a cikin irinsa ne suka daɗe suna cewa wani ɗan maɗauri da ke ratsa kafaɗa da ƙirji yana yin aikin da ya fi ƙarfin kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Ƙasar da jirgi ne tasi

Alaska ta kusa ninka Najeriya biyu a faɗin ƙasa, amma mutanenta ba su kai 750,000 ba. Hukumar sufurin jihar ta ce kashi 82 cikin 100 na garuruwa da ƙauyukanta babu titin motar da ya haɗa su da sauran sassa. Hatta babban birnin jihar, Juneau, ba a shigarsa sai ta sama ko ta ruwa.

Don haka ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu zuwa goma shi ne tasi, shi ne motar asibiti, shi ke kai wasiƙu da kayan masarufi. Kuma hanyoyinsa na ratsawa ne ta cikin tsaunuka, a jihar da ke da tsauni mafi tsawo a Arewacin Amurka, mai tsayin mita 6,190.

Wani bincike na hukumomin lafiyar Amurka ya nuna cewa tsakanin 1990 da 1999, matuƙa jirgi a Alaska na mutuwa a bakin aiki da adadin da ya kai 410 cikin kowane 100,000 a shekara, wato kusan ninki 100 na matsakaicin ma'aikacin Amurka. Al'amura sun yi sauƙi tun daga lokacin, bayan da aka girka kyamarorin duba yanayi a mashigan tsaunuka, aka kuma sanya wa jirage na'urorin da ke nuna wa matuƙi taswirar ƙasar da ke gabansa. Sai dai tsaunukan na nan inda suke.

Shi kansa Sanata Stevens ya taɓa tsallake rijiya da baya a watan Disamban 1978, lokacin da jirgin da yake ciki ya faɗi a filin jirgin saman Anchorage, haɗarin da ya yi sanadin mutuwar matarsa ta farko.

Me ya sa tsauni ke cin ƙaramin jirgi?

Babban jirgin fasinja yakan bi ta can saman tsaunuka da gajimare. Ƙaramin jirgi kuwa sau da yawa ta tsakaninsu yake bi, matuƙin na amfani da idanunsa.

Matsala ta farko ita ce iska. Yayin da ake hawa sama iska na ƙara sirancewa, kuma injin da ba shi da na'urar matso iska yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Jirgin da ke tafiya a tsayin mita 3,000 ya riga ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin injinsa, fikafikansa kuma ba sa samun iskar da za su dogara da ita kamar a ƙasa. Idan ana zafi abin ya fi muni.

Sannan akwai iskar da ke kwararowa ƙasa. Idan iska mai ƙarfi ta haye tsauni, takan gangaro ta ɗaya ɓangaren kamar ruwan da ya tsallake madatsa, ta danna duk abin da ta tarar. Wannan ne ya kashe Steve Fossett, attajirin nan Ba'amurke da ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya shi kaɗai a cikin balan-balan. Ya tashi a wani ƙaramin jirgi daga jihar Nevada ranar 3 ga watan Satumban 2007, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai bayan shekara guda wani mai yawon hawa dutse ya tsinci takardunsa a tsaunukan Sierra Nevada da ke California. NTSB ta ce iska ce ta danna jirgin ƙasa da ƙarfin da ya wuce wanda injinsa zai iya hawa da shi. Masu nemansa sun yi ta cin karo da tarkacen wasu tsofaffin jirage da suka faɗi shekaru da dama kafin nasa.

Akwai kuma kwarin da ke ƙara tsukewa har matuƙi ya rasa wurin juyawa, da hazon da ke rufe mashiga cikin 'yan mintoci.

Karo irin na Fossett babu bel ɗin da zai yi maganinsa. Amma haɗurra da yawa ba haka suke ba. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana iya sauka da gudun da bai wuce kilomita 90 zuwa 100 a sa'a ba, wato gudun motar haya a kan babbar hanya. Ko inji ya mutu jirgin ba ya faɗowa kamar dutse, yana sulalowa ne a hankali. Shi ya sa ake koya wa matuƙa cewa su ci gaba da sarrafa jirgin har ya tsaya cak, kuma idan daji ne su saita hancinsa tsakanin bishiyoyi biyu, fikafikai su sha dukan.

Abin da ya daɗe yana damun masu bincike shi ne su isa wurin irin wannan haɗari su tarar da ɗakin jirgin bai murƙushe ba, kujeru na nan, bel ɗin ƙugu a ɗaure, amma mutumin ya mutu da rauni a goshi.

Karo na biyu

A kowane haɗari karo biyu ake yi. Na farko shi ne jirgi da ƙasa. Na biyu shi ne mutum da cikin jirgin, kuma shi ne yawanci ke kisa.

Lissafin ba shi da wuya. Jirgin da ke gudun kilomita 90 a sa'a yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan ya ja ciki ya tsaya a cikin mita 10, jikin fasinja zai ji nauyin da ya ninka nasa sau uku. Idan ya tsaya a cikin mita uku, nauyin zai ninka sau goma. A wannan lokaci kan mutum, wanda nauyinsa bai wuce kilo biyar ba, ya zama kamar buhun siminti a kan wuyansa. Babu ƙarfin hannu ko na wuya da zai riƙe wannan, kuma komai na faruwa ne kafin ƙiftawar ido.

Bel ɗin ƙugu yana riƙe mutum a kan kujera, ya hana shi fita ta gilashi. Amma daga ƙugu zuwa sama babu abin da ke riƙe da shi. Sai jikin ya rufe kamar littafi, ƙirji ya nufi sitiyarin jirgin, fuska ta nufi allon na'urorin da ke gaban matuƙi, wanda a ƙaramin jirgi bai wuce miƙa hannu ba, kuma cike yake da maɓallai da ƙarafa. A ce kan ya isa allon da gudun kilomita 40 kacal a sa'a, ya tsaya a cikin santimita uku. Ƙarfin da ƙwaƙwalwa za ta sha ya kai ninki 200.

Aikin bel ɗin kafaɗa shi ne ya ɗaure ƙirji da kujera, ta yadda jiki zai rage gudu tare da jirgin a cikin waɗancan mitoci, maimakon ya ci gaba shi kaɗai ya tsaya a kan ƙarfe.

Mutumin da ya fara fahimtar wannan sosai shi ne Hugh DeHaven, wani Ba'amurke da ke koyon tuƙin jirgin yaƙi a 1917, lokacin da jirginsa ya yi karo da wani a sama. Ya rayu, amma da munanan raunuka a cikin cikinsa, waɗanda ya danganta da ƙarfen bel ɗin da ya ɗaura. A kwancen da yake a asibiti ya fara tambayar da mutanen zamaninsa ke ganin ɓata lokaci ce: me ya sa wani ke mutuwa wani ya rayu a haɗari iri ɗaya?

A 1942 ya wallafa nazari a kan mutum takwas da suka faɗo daga tsayin mita 15 zuwa 45 suka rayu, saboda sun faɗa a kan abin da ya lotsa, kamar rufin mota ko ƙasa mai laushi. Ya kammala da cewa jikin ɗan'adam na iya jure ƙarfi mai yawan gaske, muddin an baza shi a faɗin jiki kuma an ba shi ɗan lokaci. A jami'ar Cornell ya kwatanta fasinja da kaya mai fashewa da ake son aikawa nesa: akwatin kada ya murƙushe, kayan kuma a ɗaure su kada su yi ta gwaruwa da bangon akwatin. Duk mai safarar ƙwai ya san wannan.

Wani likitan sojan saman Amurka, Kanar John Stapp, shi ya gwada maganar da jikinsa. Ranar 10 ga watan Disamban 1954, a jihar New Mexico, an ɗaure shi tamau a kan wata kujera da rokoki ke turawa a kan dogo. Ta kai gudun kilomita 1,017 a sa'a, aka tsayar da ita cikin daƙiƙa 1.4. Jikinsa ya sha ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 46. Jini ya taru a idanunsa har ya daina gani na ɗan lokaci, amma ya rayu, bai mutu ba sai a 1999 yana da shekara 89.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe tana shaida wa matuƙa cewa amfani da bel ɗin kafaɗa a ƙananan jirage zai rage munanan raunuka da kashi 88 cikin 100, ya rage mace-mace da kashi 20 cikin 100.

A 2011 NTSB ta fitar da wani nazari da ya duba haɗurra sama da 37,000 na jirage masu inji ɗaya tsakanin 1983 da 2008. Ta gano cewa wanda ya ɗaura bel ɗin ƙugu kaɗai ya fi wanda ya haɗa da na kafaɗa shiga haɗarin mutuwa ko mummunan rauni da kusan kashi 50 cikin 100.

Ratar da ke tsakanin 88 da 20 abin lura ce. Tana nuna cewa babban aikin bel ɗin kafaɗa shi ne ya mayar da mummunan rauni ya zama ƙarami. A kusa da gari wannan na nufin ɗan gajeren zama a asibiti. A kan tsauni kuwa ma'anarsa ta wuce haka.

Daren farko

Wanda jirginsa ya faɗi a gefen filin jirgi, motar kashe gobara za ta iso cikin mintoci. Wanda ya faɗi a tsaunin Alaska shi ne ɗan kwana-kwanan kansa, shi ne likitan kansa.

Tankin man yawancin ƙananan jirage a cikin fikafikai yake, a wasu ma daidai saman kan fasinja. Idan mai ya fara zuba, mutum na buƙatar ya kwance bel, ya buɗe ƙofar da wataƙila ta lanƙwashe, ya ja wanda ke kusa da shi. Idan a tafki aka faɗa, kuma jirgin ya kife, dole ya gane inda ƙofa take a cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Wanda ya suma na minti biyu kacal saboda ya buga goshi ba zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Bayan nan sai sanyi. Mai rauni a kai ba ya iya kafa tanti ko hura wuta, ba ya tuna inda aka ajiye jakar agaji, ba ya iya kunna na'urar neman taimako da hannu idan ta ƙi tashi da kanta. Kuma galibi wanda ya fi kowa sanin waɗannan abubuwa shi ne matuƙi, wanda ke zaune daf da allon na'urori.

Jiran na iya yin tsawo. A watan Oktoban 1972 wani jirgi ƙirar Cessna 310 ya ɓace tsakanin Anchorage da Juneau ɗauke da mutum huɗu, ciki har da shugaban masu rinjaye a majalisar wakilan Amurka, Hale Boggs, da ɗan majalisa Nick Begich. An shafe kwana 39 ana nema, har yau ba a ga jirgin ba. Tun daga 1982 akwai tsarin taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka kafa don jin kiran jiragen da suka faɗi, kuma mutanen farko da ya ceto wasu mutum uku ne da ƙaramin jirginsu ya faɗi a tsaunukan yammacin Kanada. Amma haɗarin Stevens ya nuna cewa na'urar ma na iya yin shiru.

A Najeriya ma an ga irin wannan. Jirgin nan ƙirar Beechcraft 1900D da ya tashi daga Legas ranar 15 ga watan Maris na 2008 zuwa filin jirgin Bebi da ke kusa da Obudu, ɗauke da ma'aikata uku, ya ɓace a tsaunukan jihar Kuros Riba. Sai a ƙarshen watan Agusta mafarauta suka gano tarkacensa.

Ɗaurawa ma sai an iya

Mai karatu na iya tambaya, to me ya sa a babban jirgin fasinja bel ɗin ƙugu kawai ake ba shi? Dalili shi ne babban jirgi na da gangar jiki mai yawa da za ta shanye duka kafin ya iso ga fasinja, abin da ke gabansa kuma bayan wata kujera ce, ba allon ƙarfe ba, sannan ana koya masa ya sunkuya ya jingina kai tun kafin karo. Amma a leƙa ɗakin matuƙan wannan jirgi: nasu bel ɗin ta kafaɗu biyu ya ratso.

Bel ɗin kafaɗa iri-iri ne. Akwai mai ratsa kafaɗa ɗaya irin na mota, wanda kamfanin Volvo ya fara sanyawa a motocinsa a 1959. Akwai mai ratsa kafaɗu biyu, da kuma mai ƙarin maɗauri ta tsakanin cinyoyi, wanda ke hana mutum sulalewa ta ƙarƙashin bel. Tun farkon shekarun 2000 an fara ƙera wanda ke da jakar iska a cikinsa.

Masana na gargaɗin cewa bel ɗin ƙugu ya zauna a kan ƙashin ƙugu, a tsuke, ba a kan ciki ba, in ba haka ba shi ne zai yanki hanji da hanta. Ɗaura na kafaɗa ba tare da na ƙugu ba haɗari ne ga wuya. Haka kuma idan makaniki ya kafa shi a wurin da ya yi ƙasa da kafaɗa sosai, lokacin karo zai danne ƙashin baya.

Sai kuma halin ɗan'adam. A tsofaffin jirage bel ɗin kafaɗa ba ya miƙewa, don haka yakan hana matuƙi kai hannu ga wasu maɓallai, sai ya cire shi bayan tashi ya rataye, da niyyar mayarwa in za a sauka. Duk wanda ya taɓa ganin direba ya jawo bel da sauri don ya hango jami'an kiyaye haɗurra ya san wannan hali. Dokar Amurka ma ta wajabta wa fasinja ɗaura shi ne lokacin tafiya a ƙasa, da tashi, da sauka. Shi kuwa tsauni a tsakiyar tafiya ake haɗuwa da shi. Sabon samfurin da ke miƙewa a hankali ya kuma cije idan an fizge shi ya kawar da wannan uzuri.

Giɓin da ke cikin doka

FAA ta wajabta sanya bel ɗin kafaɗa a kujerun gaba na ƙananan jiragen da aka ƙera bayan 18 ga watan Yulin 1978, sannan a dukkan kujeru ga waɗanda aka ƙera bayan 12 ga watan Disamban 1986. Dokokin biyu ba su waiwayi jiragen da aka riga aka ƙera ba.

Nan gizo ke saƙar. Shekarun 1960 da 1970 su ne lokacin da masana'antun Amurka suka fi ƙera ƙananan jirage, inda a 1978 kaɗai suka fitar da kusan 18,000. Daga nan kasuwar ta faɗi warwas. A 1986, shekarar da doka ta biyu ta fara aiki, kamfanin Cessna ya dakatar da ƙera ƙananan jiragensa masu injin fistan, bai dawo ba sai bayan shekara goma. Ma'ana, dokar ta zo ne bayan an gama ƙera akasarin jiragen da ya kamata ta shafa.

Kuma jirgi ba kamar mota ba ne, ana canza masa inji ya ci gaba da aiki shekara 50 ko 60. Jiragen da matuƙan Alaska suka fi yarda da su tsofaffi ne. Samfurin Otter mai inji ɗaya, irin wanda ya faɗi da Sanata Stevens, tun 1967 aka daina ƙera shi.

A shekara ta 2000 FAA ta sassauta ƙa'idojin amincewa da sanya bel ɗin kafaɗa a tsofaffin jirage, don ƙarfafa wa masu su gwiwa, kuma da yawa sun sanya don raɗin kansu. Masu adawa da tilastawa na cewa wasu tsofaffin jiragen ba su da ƙarfe mai ƙwari a rufinsu da za a kafa bel ɗin, kuma aikin na iya yi wa mai ƙaramin ƙarfi tsada. Hujja ce da ke da ƙamshin gaskiya a kan wasu samfura, amma da wuya ta gamsar idan aka kwatanta kuɗin da na gyaran inji sau ɗaya.

A rahotonta na 2011, NTSB ta nemi FAA ta tilasta sanya bel ɗin kafaɗa a duk ƙananan jiragen da ba su da shi. FAA ba ta mayar da shawarar doka ba. Har yanzu mai jirgin da aka ƙera a 1965 na iya ɗaukar iyalinsa ya ratsa tsaunukan Alaska da bel ɗin ƙugu kaɗai, ba tare da ya karya wata doka ba.